Wasan harlin na kulob-kulob a gundumomin Ayilan

Harlin, wanda su can suke rubutawa hurling, wasan sanda da ƙwallo ne na mutanen tsibirin Ayilan. Abin da aka fi gani a talabijin shi ne karawar gunduma da gunduma a babban filin Croke Park na Dablin, amma gindin wasan a kulob yake, a ƙauye da unguwa, can ne yaro yake fara riƙe sanda kuma can yake komawa in ya gama zamaninsa. Tsibirin yana da gundumomi 32, kowacce da hukumarta da ke shirya gasar kulob-kulob ɗinta, kuma daga cikinsu ake tsinto waɗanda za su saka rigar gunduma. Uwar ƙungiyar ita ce GAA, an kafa ta ranar 1 ga Nuwamba 1884 a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles. A 2018 UNESCO ta saka harlin da na mata da ake ce ma kamogi cikin al'adun gado na duniya.

Mutum 15 ne kowane ɓangare, kowa da sandarsa kamar muciya mai faɗin baki, ƙwallon kuma ƙarama ce mai tauri an naɗe ta da fata. In ta shiga raga maki 3 ne, in ta bi ta sama tsakanin dogayen turakun maki 1. Wasan kulob minti 60 ne, na manyan gunduma 70, hular kwano kuma ta zama dole ga kowa tun 2010. Babu wanda ake biya albashi, ko shi tauraron da ake ta magana a kansa Litinin da safe yana aji yana koyarwa ko yana gona.

Yadda aka tsara shi

A yawancin gundumomin karkara akwai dokar da ta ce inda aka haife ka ko inda kake zaune, wato yankin cocin da gidanku yake, nan ne kulob ɗinka shikenan. Ba ciniki ba sayen ɗan wasa, ko ka fi kowa iyawa a ƙasar in ƙauyenku na buga ƙaramin aji to nan za ka buga. Wannan ne ya sa za ka ga tim guda rabinsa 'yan gida ɗaya, lokacin da St Thomas' ta Galway ta ci kofin ƙasa na kulob-kulob a 2013 'yan gidan Burke shida ne cikin tawagar kuma babansu ne koci.

Azuzuwan dai uku ne a asali, siniya, matsakaici da juniya, ana hawa ana sauka. Gundumar da kulob ya yi mata yawa sai ta ƙara tsattsaga su, Cork misali tun 2020 ajinta na sama firimiya siniya ake ce masa. Saukar nan ba ta jin kunyar kowa, Glen Rovers kulob ɗin su Christy Ring da Jack Lynch wanda daga baya ya zama firaminista, waɗanda suka ci kofin Cork takwas a jere daga 1934 zuwa 1941, a 2023 sun faɗo daga ajin sama bayan kusan shekara ɗari suna ciki.

Wanda ya ci kofin gunduma sai ya wuce gasar lardi, Munster, Leinster ko Ulster, daga nan sami-fainal da fainal na ƙasa. Zakaran Galway shi kam kai tsaye yake faɗawa sami-fainal don a lardin Connacht babu wanda zai kara da shi a wannan ajin. An fara gasar ƙasa ta kulob a kakar 1970 zuwa 1971, Roscrea ta Tipperary ce ta fara ɗauka. Shekaru da yawa ranar 17 ga Maris ake fainal, ranar bikin Waliyyi Patrick, daga 2020 aka dawo da shi farkon shekara. Cork tana da wani abu nata daban, ƙananan kulob na shiyya guda suna haɗa tim ɗaya su shiga gasar siniya, Imokilly haka take kuma ta ci kofin 2024, amma da yake ba kulob ba ce ba ta da damar wuce gunduma, sai Sarsfields da aka doke a fainal ta tafi a madadinta har ta kai fainal ɗin ƙasa.

Inda wasan ya ƙoshi

In ka ja layi a taswira daga Dablin zuwa Galway, kusan duk ƙarfin harlin ƙasa da layin yake: Kilkenny, Tipperary, Cork, Limerick, Clare, Waterford, Wexford, Offaly da kudancin Galway. A nan ranar fainal ɗin gunduma ƙauye watsewa yake, an rataye tutoci masu launin kulob a turakun lantarki, in an ci a kunna wuta a bakin hanya a tari motar 'yan wasa, cikin satin kuma a zaga da kofin makarantar firamare yara su taɓa. Kuɗin kulob daga caca ta mako-mako da gudummawar jama'a yake fitowa, mai yanke ciyawar fili da mai shafa layi duk aikin sa kai suke yi.

Sai dai ko a nan akwai ƙorafi, kulob ɗaya ya kan danne kowa na tsawon shekaru. Ballyhale Shamrocks ta Kilkenny, da aka haɗa a 1972, gidan su Henry Shefflin da TJ Reid, ta ci na gunduma biyar a jere daga 2018 zuwa 2022, kofin ƙasa kuma tara take da shi, babu kulob ɗin da ya ko kusa, Birr da Portumna huɗu-huɗu suke da shi. St Thomas' ta riƙe Galway shida a jere daga 2018 zuwa 2023. Ta Waterford ce ta fi muni, Ballygunner ta ci 11 a jere daga 2014 zuwa 2024, kuma gaskiya gasar da tun kafin a fara kowa ya san wa zai ɗauka ba ta yi wa gunduma daɗi, 'yan kallo suna raguwa, yaran sauran kulob kuma suna girma ba su taɓa ganin nasu sun ɗaga komai ba. Masu kare Ballygunner suna cewa ai ba laifinta ba ne, ita ta yi aiki a kan yara wasu suka yi barci, kuma unguwar tana gefen birni jama'a sai ƙaruwa suke.

Ballyhale da Ballygunner ne suka ba da fainal ɗin ƙasa na Fabrairu 2022 da har yanzu ake zancensa. Ballyhale na gaba da maki biyu, lokaci ya ƙare, sai Harry Ruddle na Ballygunner da aka sako daga benci ya ja ƙwallo ya buga ta ƙasa-ƙasa daga nesa ta shige gefen raga. Aka tashi 2-17 da 1-19, lambar farko ta shiga raga ce, wato maki 23 da 22, karon farko kenan da kulob ɗin Waterford ya ci kofin ƙasa. Kuma danniyar tana karyewa wani lokaci, a 2024 Thomastown ta ci Kilkenny karon farko tun 1946, Doon kuma ta ci Limerick karo na farko a tarihinta.

Dablin labarinta daban ne, yawan jama'a da kuɗin horar da yara sun yi aiki, Cuala ta ci kofin ƙasa a 2017 da 2018, Na Fianna a 2025.

Inda yake numfashi da ƙyar

Sama da layin nan ƙwallon ƙafar gargajiya ta GAA ce sarauniya, harlin sai 'yan tsibirai. A arewacin Antrim akwai Loughgiel, Dunloy da Cushendall, Loughgiel ma ta ci kofin ƙasa sau biyu, 1983 da 2012. A Down kulob uku ne na zirin Ards, Portaferry, Ballygalget da Ballycran, kuma don su sami wasa mai ƙarfi sai sun shiga lig ɗin Antrim. A Derry akwai Slaughtneil, a Mayo kusan kullum Tooreen da Ballyhaunis ne, a kudu ma Kerry wasan ya tattare ne a 'yan ƙauyukan arewacinta irin su Kilmoyley, Ballyduff da Lixnaw. Carlow kulob ɗin siniyarta ba su cika hannu biyu ba amma Mount Leinster Rangers ta ci Leinster a 2013 ta je fainal ɗin ƙasa, abin da ya nuna ba yawa kaɗai ba ne.

Ƙasa da waɗannan kuma akwai inda abin ya zama abin tausayi. Fermanagh ta yi shekaru da kulob ɗin manya guda ɗaya tak, Lisbellaw, to da wa za a buga gasar gunduma, hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka. A ƙarshen 2023 wani kwamitin GAA ya kawo shawarar a cire Cavan, Fermanagh, Leitrim, Longford da Louth daga lig ɗin ƙasa saboda kulob ɗin manyansu bai kai biyar ba, a juya kuɗin zuwa kafa sababbin kulob, 'yan wasan wuraren suka ce ina, wannan kashe wasan ne gaba ɗaya, surutu ya yi yawa aka janye. Abin da ya fi amfani zuwa yanzu shi ne lig ɗin Táin Óg na yara da na Cúchulainn na manya, inda kulob suke tsallaka iyakar gunduma su nemi abokin karawa. Wahalar ita ce harlin ba wasan da ake koya da girma ba ne, in hannu bai saba da sanda tun yarinta ba da wuya a kamo, ga kuɗin sanda da hula, ga shugabannin kulob da ke ganin zai janye musu yara daga ƙwallon ƙafa.

Rigimar kalanda

Da can ɗan wasan kulob bai san ranar wasansa ba, sai an jira tim ɗin gunduma ya fita daga gasar ƙasa, mutum ya yi ta tirenin tun sanyi, ya ɗage biki ya fasa tafiya, ƙarshe a buga fainal a taɓon Nuwamba. A 2017 'yan wasan kulob suka kafa ƙungiyarsu ta CPA a kan wannan, a 2021 GAA ta amince a raba kaka gida biyu, ƙungiyar ta ce aikinta ya ƙare ta rushe kanta. Daga 2022 ana gama na gunduma da gunduma a Yuli, sauran shekarar ta kulob ce. 'Yan kulob sun ji daɗi, amma wanda ke buga wa ɓangaren biyu kusan ba ya hutawa, kuma har yanzu akwai masu son a mayar da fainal ɗin gunduma da gunduma Agusta ko Satumba.

Ƙauyuka kuma suna ragewa, matasa suna tafiya Dablin ko Ostareliya, ya kai ga maƙwabtan da suka gaji adawa tun kakanni suna haɗa yaransu tim guda don a cika 15, alhali kulob ɗin gefen birni yara sun yi musu yawa fili ya yi kaɗan. Ita kanta sandar ta shiga matsala, da iccen ash ake sassaƙa ta, kuma tun 2012 aka gano cutar da ke busar da wannan iccen a Ayilan, masu sassaƙa da dama sun rasa katako, wasu sun koma yin ta da gora.