Gudun Dogon Zango a Fadamun Kan Tsaunukan Arewacin Ingila

Gudun tsauni wasa ne da ya samo asali a arewacin Ingila, inda mutanen yankin ke kiran tudun da ba shi da itatuwa da suna "fel", kalmar da suka gada daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya. Ƙungiyar da ke kula da wasan a Ingila an kafa ta a 1970. Abin da ya raba shi da gudun titi shi ne galibi babu alamar hanya; mai gudu ne ke nemo hanyarsa da taswira da kamfas, yana ɗauke da guzurinsa. A dokar ƙungiyar, tseren da ya kai kilomita 20 ko ya wuce shi ake kira dogo, kuma sai hawansa ya kai mita 50 a kowace kilomita kafin a sa shi a aji mafi wuya.

Yanayin ƙasar

Fadamun kan tsaunukan Pennine shimfiɗaɗɗu ne, ba su da tsini. Daga cikinsu, tsayin Kinder Scout mita 636 ne, Bleaklow 633, Black Hill 582. Tsayin ba wani abin tsoro ba ne, ƙasar ce matsala. Samanta baƙin taɓo ne na ruɓaɓɓen ciyayi da ya taru shekaru dubbai, yana riƙe ruwa kamar soso. Ruwan sama ya yayyanka shi kwari-kwari, wasu sun fi mutum zurfi, kuma duk kamarsu ɗaya. Wanda ya faɗa ɗaya ya biyo lanƙwasarsa, kafin ya fito ya riga ya juya fuska wani wajen bai sani ba. Inda babu kwari akwai dunƙulen ciyawa masu gurɗe idon sawu, da gajeren tsiro mai furen shunayya da ke harɗe ƙafa. Wurin da ya yi kore shar, sumul, shi ne abin gujewa: gansakuka ce a kan ruwa, tana iya haɗiye ƙafa har cinya.

A wasu sassan hanyar Pennine Way, wadda aka buɗe a 1965 mai tsawon kilomita 431 daga Edale zuwa Kirk Yetholm, an shimfiɗa falalen duwatsu don kare taɓon daga tattaki. Suna ƙara sauri ƙwarai, amma ranar da ƙanƙara ta kwanta a kansu sun fi taɓon haɗari.

Tsara hanya

Ana yanka hanyar ne zango-zango, kowane zango ya ƙare a inda titin mota ya ratsa. Misali, wanda ya tashi daga Edale zuwa Marsden, tafiyar da ta kai wajen kilomita 40, zai haye Kinder Scout ya sauka a titin Snake Pass, ya ratsa Bleaklow ya gangaro Crowden, ya hau Black Hill ya tarar da titin da ke saman kwarin Wessenden. Waɗannan mahaɗu uku su ne wurin karɓar ruwa da abinci, su ne kuma ƙofar fita in abu ya ɓaci. Kowace a rubuta mata lokacin da in an wuce shi ba a iso ba, to an haƙura da sauran tafiyar. A gida ake yanke wannan hukunci, domin wanda ya gaji kuma yake jin sanyi ba ya yanke shawara mai kyau.

Don ƙiyasta lokaci ana amfani da ƙa'idar da William Naismith ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Zango mai kilomita 10 da hawan mita 300 ke nan zai ci awa biyu da rabi ga mai tafiyar ƙafa. Mai gudu yakan rage wannan a hanya mai kyau, amma a tsakiyar taɓo da wuya ya fi mai tafiya sauri sosai, don haka gara a bar lissafin yadda yake a irin wuraren. A tsakiyar hunturu hasken rana bai kai awa 8 ba.

Taswirar da ta dace ita ce mai ma'aunin 1:25,000, inda santimita 4 ke daidai da kilomita ɗaya, domin tana nuna katangu da shingaye. Wata doka ta shekarar 2000 ta ba jama'a damar shiga yawancin waɗannan fadamu ba sai a kan turba ba, amma masu filin na iya rufe wani sashe na ɗan lokaci. Akwai lokuta biyu na lura: farautar wani tsuntsu mai kama da makwarwa tana farawa 12 ga Agusta zuwa 10 ga Disamba, daga Maris zuwa Yuli kuma tsuntsaye na ƙwai a ƙasa.

Neman hanya cikin hazo

Nan ne gwani ke bambanta da mai ƙarfin ƙafa kawai. Hazo kan sauka cikin 'yan mintuna har mutum ya kasa ganin abin da ke gabansa da mita 20. Tun a gida ake rubuta kusurwar kamfas ta kowane yanki a gefen taswira. A fili, mai gudu yana ƙirga takunsa: mutane da yawa kan yi taku biyu-biyu wajen 60 zuwa 65 a mita 100 a ƙasa mai kyau, adadin kuma yana ƙaruwa a taɓo, saboda haka kowa ya auna nasa. Idan abin da ake nema ƙarami ne, kamar ƙofa a jikin doguwar katanga, ba a nufarsa kai tsaye. Sai a kauce da gangan zuwa hagu, in an taɓa katangar a san cewa dama za a bi. Wanda ya nufi ƙofar sak ya kuskure, ba zai san ɓangaren da zai juya ba. Rafi, shinge ko bakin gangare duk abin bi ne, kamar makaho da bango.

Agogo ko waya mai nuna wuri na da amfani, sai dai sanyi yana cinye batir, kuma jiƙaƙƙen allo ba ya jin yatsa. A tseren da ke ƙarƙashin ƙungiyar gudun tsauni an hana neman hanya da su.

Kaya da guzuri

Abin da ake wajabtawa a dogon tsere: riga mai hula da wando waɗanda ruwa ba ya ratsawa, har ɗinkinsu a liƙe, hular sanyi, safar hannu, taswira, kamfas, usur, da abincin gaggawa da ba a taɓawa sai dole. Mai tafiya shi kaɗai ya ƙara tocilar goshi da batir na biyu, busasshiyar riga a cikin leda, da jakar leda mai ɗaukar mutum gaba ɗaya don fakewa. Takalmin mai dogayen haƙora ne na roba. Ƙafa za ta jiƙe ko ta yaya, don haka wanda ke zubar da ruwa da sauri ya fi wanda ke ƙoƙarin tare shi. Auduga kuwa ba ta da wuri a nan, tana jiƙewa ta ƙi bushewa.

Abinci kaɗan-kaɗan ake ci, kowane rabin awa, wajen giram 30 zuwa 60 na abin da ke da sukari ko sitaci a awa ɗaya. Jira sai an ji yunwa kuskure ne.

Abin da ke kashe mutane

Sanyi ne, fiye da faɗuwa. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 ta hawa, ga iska babu abin da ke tare ta. Muddin mutum na gudu jikinsa na ɗumi; da ya gurɗe ƙafa ko ƙarfinsa ya ƙare ya tsaya cikin jiƙaƙƙen kaya, zafin jikinsa na iya sauka ƙasa da digiri 35. Alamun farko su ne rawar ɗari, tuntuɓe, harɗewar harshe, da kasa zuge zif. In rawar ɗarin ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, abin ya yi nisa. A Maris 1964 matasa uku 'yan sikawut sun mutu da sanyi a gasar tafiya ta Four Inns a yankin Bleaklow, kuma wannan ne ya sa aka tsara aikin ceto na yankin Peak District, inda waɗannan tsaunuka suke, a ƙarƙashin ƙungiya ɗaya.

Kafin fita a bar wa wani kwafin hanya da lokacin dawowa. In an shiga matsala a kira 999 ko 112, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana buƙatar masu ceton tsauni, a karanto musu lambobin wurin daga taswira. Inda babu sabis, a busa usur sau shida, a dakata minti ɗaya, a sake.