Ma'anar kalma: "tork" ba gudu ba ne, ba kuma ƙarfin doki ba

Kwana biyun nan kunnena bai huta da kalmar "tork" ba. Masu tallar moto a Facebook da TikTok suna ta jefa ta, ƴan kabu-kabu sun ɗauka, har ranar nan na ji wani mai shiri a rediyo nan Maradi yana auna tork ɗin moton lantarki da kilomita a awa. Saura kaɗan in ƙware da shayi. Kamar ka tambayi nauyin buhun gero ne a ce maka kamu biyar.

Kalmar ta Ingilishi ce, ta tsallako mana daga wajen maƙwabta. Asalinta Latin ne, "torquere", wato murɗawa, kuma a 1884 ta fara fitowa a rubuce da wannan ma'ana ta injiniyoyi. Yaranmu na lise, wato babbar sakandare, kuwa "couple" ko "moment" suke ji a aji, shi ya sa ɗalibi zai warware lissafinta da safe, da yamma ya ji "tork" a bakin mai moto, bai san abu ɗaya ake nufi ba. Da Hausa ni ƙarfin murɗa nake ce mata, kuma ban ga abin da ya rage ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmarmu ta "ƙarfi". Turi ƙarfi, murɗa ƙarfi, aikin da inji ke gamawa cikin daƙiƙa shi ma ƙarfi. A hira ba laifi. A lissafi kuwa abubuwa uku ne dabam, kowane da ma'auninsa.

Je gareji ka tsaya kan bakanike yana fama da notin taya da ya ƙi kuncewa. A ce notin sai an murɗe shi da newton-mita 120, ma'aunin tork ke nan. Sifanarsa santimita 30 ce, don haka sai ya danna da newton 400, kusan nauyin kilo 40. Ya yi nishi, ya taka da ƙafa, shiru. Sai ya ce da yaronsa: "Kai, miƙo mini bututun can." Ya zura sifana ciki, tsawo ya koma mita 1 da santimita 20. Yanzu newton 100 ya isa, kamar kilo 10, har yaron ma zai iya. Damtsen maigida bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Ma'anar ke nan gaba ɗaya: turi sau nisansa daga inda abu ke juyawa, da sharaɗin a danna a gicciye. In ka tura bututun ta tsawonsa, kai tsaye zuwa ga notin, ko kai zakara ne wajen kokawa ba abin da zai motsa.

To ga abin da masu talla ba sa faɗa. Injin ƙaramin moto mai 125 yana ba da wajen newton-mita 10 ne kacal. Ke nan bakaniken nan da bututunsa ya ninka shi sau 12 a tork! Me ya hana shi ɗaukar fasinja zuwa Tibiri? Gudun juyi. Shi yana zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 6, abin da ya ba da wat 120 ko kusa, wat kuwa shi ne ma'aunin aikin da ake gamawa cikin daƙiƙa. Injin kuwa yana iya zagaye 7,000 a minti, ya ba da wat sama da 7,000, kusan doki 10, tunda dokin Faransawa wat 735 ne da ɗoriya. Doki, tork ne sau gudun juyi. Giya kuma ciniki take yi tsakaninsu: ta ɗaya ta sayar da gudu ta sayo murɗa, shi ya sa da ita ake fita daga rairayi. Gaskiyar da ke cikin tallar ita ce injin lantarki yana ba da murɗarsa tun daga tsaye, ba sai ya ɗauki gudun juyi ba. Wannan fizga ce ta tashi, ba ta gaya maka komai kan iyakar gudu.

Ɗalibai ma suna da nasu ruɗanin, kuma a bakin rijiya yake kama su. Guga mai kilo 10 a igiya, igiyar a naɗe jikin kura, wato faifan nan da ke juyawa a saman rijiya, ita kuma kilo 4. An saki guga. Da yawa sai su rubuta cewa jan igiya daidai yake da nauyin guga, newton 98. Da haka ne, ai da gugan ya tsaya cak a sama. Wasu kuma su manta da kurar, su ce guga zai faɗi kamar dutse, kowace daƙiƙa gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa. Ita kura sai an murɗa ta kafin ta juya, kuma tana da taurin kanta, abin da masanin lissafi Euler ya raɗa wa suna a 1765, ake koyar da shi da "moment d'inertie". Ni taurin juyi nake kiransa. Ba yawan nauyi kaɗai yake dubawa ba, har da inda nauyin ya zauna, domin nisa sau biyu yake shiga lissafi. Dubi ƙaton faifan injin niƙa, yawancin ƙarfensa a baki aka tara shi, don in ya tashi kada ya tsaya da wuri.

Layin lissafi biyu ake rubutawa, ɗaya na guga ɗaya na kura, sai a haɗa su da cewa igiya ba ta zamewa. In kurar faifai ce cikakkiya, rabin nauyinta ne ke shiga: 98 a raba da 12, wato kilo 10 na guga da 2 na kura, a samu ƙaruwar gudu wajen 8.2 maimakon 9.8, jan igiya kuma newton 16 da ɗan kai. Faɗin kurar, wanda malami ya bayar har ɗalibi ya ja masa layi da jan biro, soke kansa yake yi tun kafin a kai ƙarshe.