Takardar da garke ke buƙata kafin ya tsallaka iyaka

Garken da zai ƙetare iyaka don kiwo a Afirka ta Yamma, doka ta ce sai da takarda. Shugabannin ECOWAS ne suka amince da hakan a Abuja cikin Oktoban 1998, kuma ma'aikatan dabbobi na ƙasar da garken ya taso su ke bayar da ita.

A cikinta ake rubuta yawan dabbobin da irinsu, da alluran rigakafin da aka yi musu, da hanyar da za su bi, da mashigar da za su tsallaka, da inda suka nufa. Da rana kaɗai ake ƙetarewa. Kowane shanu 50 sai da makiyayi ɗaya, garke ba ya tsallakawa da ƙasa da mutum biyu, kuma kowannensu ya kai shekara 18. In babu takarda, a killace dabbobin, mai su ya biya kuɗin.

Wani zai ce wahalar ta yi yawa. To, ya tambayi dattawan da suka ga annobar shanu ta bushiya a 1983, lokacin da ta share garkunan Fulani a Najeriya. Sai da ƙasashe suka haɗa kai wajen rigakafi da sa ido kafin aka bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Ciwon huhun shanu kuwa yana nan. Saniya ɗaya mai tari ta sha ruwa a mashaya tare da garke uku, ko ta kwana a kara a kasuwannin kan iyaka na Maigatari ko Illela, kafin mako tirela ta kai ta Legas.

A nan gida Najeriya, dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ba hukuma ikon duba dabbar da aka shigo da ita da killace ta, ta kuma wajabta wa mai dabba ya kai rahoton cuta. Nan ne, a ganina, gizo ke saƙa: makiyayin da bai da tabbacin diyya ba zai tona asirin garkensa ba, gwara ya sayar da mai ciwon da wuri.

Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma shanunta suna gangarowa kudu kowane rani. Dole likitocin dabbobi na ɓangarorin biyu su ci gaba da musayar rahoto da daidaita lokacin rigakafi.