Ƙarancin Oksijin Ba Ya Sallama

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan oksijin ya yi ƙaranci a jiki, dole mutum ya ji numfashinsa na sarƙewa, ya tashi ya nemi iska. Wannan zato ya ci rayuka.

Ƙuncin da kake ji idan ka riƙe numfashi, galibinsa daga taruwar kabon dayoksaid yake, wato iskar da jiki ke fitarwa ta numfashi, wadda ƙwaƙwalwa ke saurin ganewa. Masu lura da oksijin kuwa wasu 'yan mitsitsin gaɓoɓi ne a jijiyoyin jini na wuya, kuma oksijin ɗin da ya narke a ruwan jini kaɗai suke aunawa. Hayaƙin gawayi ko na janareta yana ɗauke da kabon monoksaid, wanda ke maƙale wa jajayen ƙwayoyin jini ya hana su dakon oksijin, alhali ma'aunin wuyan bai ga komai ba. Shi ya sa iyalin da suka kunna kaskon gawayi da daren hunturu, suka rufe ƙofa da taga, galibi ciwon kai da jiri da kasala za su ji, barci ya kwashe su.

Su ma ƙwayoyin halitta suna da nasu ma'aunin, wani furotin mai suna HIF, wanda bincike a kansa ya ba masana kimiyya uku, Kaelin da Ratcliffe da Semenza, kyautar Nobel a 2019. Idan oksijin ya ragu sai ya taru, ya sa ƙoda ta umarci ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Amma wannan aikin kwanaki ne da makonni. Mahayin dogon dutse, inda oksijin ke da ƙaranci, yake amfana, ba ya ceton mai barci kusa da garwashi.