Mi ake nufi da "gane buƙata" a harkar saye da sayarwa?

Ƙanena da ke karatun kasuwanci ne ya shigo mana gida da kalmar nan, wai gane buƙata, malamansu sun ce ita ce matakin farko na kowane saye. Na ce to mi ke nan kuma? Da ya warware mini sai na ga ai abin da duk mai talla a Maradi ta sani ne, suna kawai aka raɗa masa.

Ma'anarta ita ce lokacin da mutum ya ji a ransa akwai tazara tsakanin halin da yake ciki da wanda yake so ya samu kansa. Wasu malamai uku a Amurka, Engel da Kollat da Blackwell, su suka tsara abin a 1968, har yau ana koyar da shi mataki biyar: ka gane buƙata, ka nemi bayani, ka kwatanta kaya, ka saya, sannan ka ji daɗi ko ka yi da-na-sani.

Tazarar nan ta hanya biyu take buɗewa. Ko dai abin hannunka ya ƙare ko ya lalace, misali hatsi ya ƙare a buhu, ko bantilate ya mutu a tsakiyar Afrilu zafi ya haura digiri 40, wannan ba sai an yi maka talla ba, da ƙafarka za ka tafi babbar kasuwa. Ta biyun ce mai wayo, don babu abin da ya lalace. Wayarka lafiya lau take, kuna zaune a fada ana jiran shayi na biyu sai aboki ya ciro sabuwar Tecno ya ɗauke ku hoto, kana ganin hoton shi ke nan taka ta tsufa a idonka, alhali jiya ma ita ka kira Kano da ita ba matsala. Haka uwargida da atamfar da ta gani a status na WhatsApp, akwati cike da zannuwa amma wallahi ba ta da na zuwa biki.

Sai dai ba kowace buƙata ke kai mutum butik ba. Dole tazarar ta dame ka sosai kuma aljihu ya yarda, in jika biyu gare ka abin kuma na jika arba'in ne, sai ka ce Allah ya hore ka wuce.

Ƴan kasuwa lokacin suke dako. Shi ya sa shadda da takalman yara ke fitowa gaban shago tun azumi bai raba ba, jakunkuna da littattafai kuma tun Satumba kafin a koma lakkwal a Oktoba. Shi ma ƙanen nawa mai bayanin, satin nan ya fara cewa batirin wayarsa ba ya riƙe caji, ni kuwa na ga abokinsa ne ya canza waya.