Me ake nufi da "rashin isasshen motsa jiki"?

Idan rahoto ya ce kaso kaza na mutanen wata ƙasa ba sa samun isasshen motsa jiki, ba wai an ƙirga waɗanda ba sa wasanni ba ne. Ma'auni ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da mintuna ake lissafa shi. Babba yana buƙatar aƙalla minti 150 a mako na matsakaicin motsi, ko minti 75 na mai tsanani. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuwa, kimanin minti 60 kowace rana. Duk wanda ya gaza haka ya faɗa cikin lissafin.

Numfashi ne ke raba matsakaici da mai tsanani. In kana tafiya da sauri, kana iya hira amma ba ka iya rera waƙa, matsakaici ke nan. In kalma biyu ko uku kawai kake furtawa sai ka ja numfashi, kamar a gudu, ka shiga mai tsanani, kuma minti ɗayansa a bakin minti biyu yake.

A nan mutane ke ruɗewa. Wanda ke buga ƙwallo awa ɗaya tak a mako ya tara daidai da minti 120 ne na matsakaici, ko da bai tsaya ba ko sau ɗaya (wa ke buga ƙwallo haka?), don haka bai cika ba. Mai tafiya aiki a ƙafa da sauri, minti 30 sau biyar a mako, ya cika, ko bai taɓa sa rigar wasa ba. Shi ya sa yawan kulob-kulob a ƙasa ba ya nuna lafiyar jama'arta.

Alƙaluman hukumar sun nuna kashi 31 cikin ɗari na manya a duniya ba su cika ma'aunin ba a 2022, alhali kashi 26 ne a 2010. A matasa 'yan 11 zuwa 17 abin ya kai wajen kashi 81.

Ko waɗannan ma a karɓe su da hattara, domin galibi tambayar mutane ake yi, kuma mutum kan ƙara wa kansa mintuna. Haka a makaranta: darasin motsa jiki na minti 40 a jadawali, in aka cire canja kaya, kiran suna da jiran layi, abin da ya rage ne kaɗai ke shiga cikin minti 60 ɗin yaro.