Sir William Gladstone (1925–2018)

Sir Erskine William Gladstone Bature ne ɗan Birtaniya, malamin makaranta, tsohon sojan ruwa kuma tsohon shugaban 'yan sikawut na ƙasar. An haife shi ran 29 ga Oktoba 1925. Tattaɓa-kunnen William Ewart Gladstone ne, wanda ya yi firaministan Birtaniya har sau huɗu, to ka ga gidan da ya fito ba ƙaramin gida ba ne.

Ya yi karatu a makarantar Eton inda babansa ma yake koyarwa, a 1943 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu ya shiga sojan ruwa, ya yi aiki a jiragen yaƙi a tekun Indiya har 1946. Da ya dawo sai ya wuce jami'ar Oxford ya karanta tarihi.

Mutum mai irin wannan suna da ya so siyasa da ƙofa a buɗe take, amma shi aji ya zaɓa. Ya ɗan koyar a makarantar Shrewsbury, ya koma Eton ya yi shekara goma, daga nan a 1961 aka ba shi hedimasta na kwalejin Lancing da ke Sussex. Babansa ya rasu a 1968 sai ya gaji sarautar baronet, shi ne na bakwai, irin sarautar nan da ɗa ke gada wajen uba ana kiran mai ita Sir, shekara na zagayowa ya bar Lancing ya koma gidan gadonsu na Hawarden a arewacin Wales.

Sai dai bai rabu da yara ba, kuma a nan ne ma aka fi saninsa. Daga 1972 zuwa 1982 shi ne babban shugaban sikawut na Birtaniya, a tsakanin nan ya shugabanci kwamitin sikawut na duniya daga 1979 zuwa 1981.

Daga 1985 zuwa 2000 ya zama wakilin Sarauniya a gundumar Clwyd da ke Wales, aiki ne da ba albashi, tarbar 'yan gidan sarauta in sun zo da miƙa lambobin yabo. A 1999 Sarauniya Elizabeth ta biyu ta sa shi cikin ma'abota lambar Garter, wadda, in ban da sarakuna da 'yan gidan sarauta, ba ta wuce mutum 24 a lokaci guda. Ya rasu ran 29 ga Maris 2018 yana da shekara 92, ɗansa Charles ya gaje shi.